Yajin Hajjo Ya Yi Nauyi

Duk wanda ya taɓa sayen yaji a kasuwar Kabo ko ta Gwarzo a shekarun nan ya san Hajjo ta Gammo, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce tsohuwar da ke zama daura da 'yan tsire, da babban faranti a gabanta an tula garin yaji. Yajin da daɗi, wannan ba a musu: ƙuli-ƙulin gyaɗar bana ne, da barkono, da citta, da masoro, da 'yar kimba. Amma ba daɗin ne ya fi tara mata jama'a ba, hannunta ne. In ka ce a ba ka gwangwani ɗaya, za ta cika shi ya yi tozo, ta juye maka a takarda, kafin ka buɗe baki ka ce a yi maka gyara cokali ya riga ya nutsa a faranti ya fito. Shekara arba'in da ɗoriya ba wanda ya taɓa roƙon ta gyara, don ba ta taɓa bari an kai ga roƙo ba.

A wurin uwarta ta gaji abin. Tun tana yarinya aka gaya mata cewa mai awo yana iya tauye wa mutum haƙƙi bai sani ba, to cokalin nan na ƙarshe shi ke rufe abin da ido ya kuskure. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, 'yan hisba suka riƙa zagaya kasuwanni suna duba mudu da kwano, masu bubbuga gindin mudu ya lotsa ciki duk suka shiga taitayinsu. Hajjo ko a jikinta. Wani saurayi daga cikinsu ya ɗauki gwangwaninta yana jujjuyawa, ta ƙyale shi ya gama, sannan ta ce masa in mai tauye awo yake nema ya ƙara gaba, ita tun kafin a yi wa ubansa kaciya take tsoron ayar da yake ɗauke da ita. Ya ajiye gwangwanin ya sayi yaji, ta yi masa gyara.

Ɗa guda Allah ya bar mata, Dalhatu, shi ne kuma ɗan farinta, saboda haka ba ta faɗar sunansa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in kuma ta kama dole ta yi magana da shi, sai ta dubi bango ko ƙofa ta yi. Shekara goma sha shida ya yi yana aiki a wata masaƙa a Kano. Tun zamanin tsuke bakin aljihu masaƙar ke rage ma'aikata kashi-kashi, har layi ya zo kansa, ya tattaro matarsa Uwaliya da 'ya'ya uku da katifa biyu ya dawo Gammo. Ya gwada noma, noma bai karɓe shi ba. Abokansa da aka sallame su tare duk sun gangara Legas, wasu gadi wasu acaɓa, suna ta aiko masa da saƙo ya taho.

Hajjo ta san Legas ba tare da ta taɓa zuwa ba. Ƙaninta ya tafi can da niyyar wata shida, yau shekara ashirin da uku ko wasiƙarsa babu. Ba ta taɓa ce wa Dalhatu kada ya tafi ba, uwa ba ta faɗa wa ɗan fari irin wannan magana. Sai dai duk ranar da aka ce saƙo ya zo daga kudu, sai ta bar tuwonta a kwano.

Abin da ya tsayar da shi, wani direba ne ɗan Unguwar Tudu mai suna Jalo, wanda ke jigilar kaya zuwa Maraɗi da Yamai. Jalo yakan sayi yajin Hajjo ya tafi da shi tsaraba, har wani mai babban kanti a Yamai ya ɗanɗana ya ce in za a kawo masa shi a leda, da suna da komai, zai jera a kantinsa. Dalhatu kuwa ya sha ji a rediyo cewa ƙasashen ECOWAS sun yi yarjejeniya: kayan da aka yi a ɗaya daga cikinsu, da kayan haɗin gida, za su shiga kasuwar sauran ba tare da kuɗin fito ba, in dai mai su yana da takardar shaida. In babu takardar, yajin zai isa Yamai da tsadar da ba mai taɓa shi. In akwai, zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na kowa.

Shekara biyu ya yi yana bin takardar nan. Ya je Kano ya fi a ƙirga, ya je Abuja sau biyu, ya dawo baƙi wuluk. Aka ce sai ɗakin aiki mai daɓen siminti da raga a taga, ya gyara shagon ƙofar gida. Aka ce sai leda mai ɗauke da suna da nauyi da ranar da aka yi, ya buga. Aka ce sai sikeli mai hatimi, ya sayo. Ranar da takardar ta fito ya shigo gida da ita cikin ambulan, ya zauna a bakin ɗakin Uwaliya, ya yi magana da ƙarfi yadda ta ɗaya ɗakin za ta ji.

"In wannan ta tsaya, na zauna. In ta faɗi, ba abin da ya rage sai Legas."

Hajjo tana tsince barkono, ba ta ɗago kai ba. Amma ta ji, kuma a nan take ta ƙudurta cewa in dai yaji ne zai riƙe mata ɗa, to za a ga yaji.

Aka raba aiki. Matan unguwa su yi daka da tankaɗe a cikin gida, Hajjo ta yi haɗi da hannunta, sannan ta zauna a kujerar awo, don ba wanda ya isa ya ce wani ne zai auna yajin Hajjo tana raye. Kowace leda giram ɗari biyu. Da yake ba ta karanta lamba, Dalhatu ya shafa jan farce a fuskar sikelin, ya ce allura tana taɓa ja a tsaya. Uwaliya tana gefenta da injin liƙe leda.

Hajjo ta bi umarni sau da ƙafa. Ta ɗora leda, ta zuba, allura ta taɓa ja, ta tsaya cak. Sai ta sauke ledar daga sikelin, ta yi bisimilla, ta ƙara cokali guda, ta miƙa wa Uwaliya. A ganinta sikeli ya yi nasa aikin, ita ma ta yi nata. Har tana jin daɗi a ranta in ta tuna wata mata can a Yamai, wadda ba za su taɓa haɗuwa ba, za ta buɗe leda ta ce kai, mutanen nan suna da hannu. Uwaliya ta ga cokalin tun a ledar farko. Ta karɓa ta liƙe leda. Haka suka yi har leda dubu uku.

Jalo ya ɗora kwalaye a Gwarzo ya kama hanya. Kwana tara ba labari. A na goma da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gida, da kwalayen a bayanta yadda aka ɗaure su.

Ya shigo ya durƙusa gaban Hajjo. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya ƙarfin jiki, yaya jikoki, ta amsa masa duka ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye shi hanya da iyali. Sai da Dalhatu ya zo ya zauna sannan Jalo ya warware.

"Inna, kaya ba su ƙetare ba. A kan iyaka suka tsaya. Takarda lafiya lau, sun duba sun ce daidai take. Da suka ɗora kwalayen a nasu sikelin sai suka ce kaya sun fi abin da aka rubuta nauyi. Kusan kilo sittin."

"Ƙarya ne," in ji Dalhatu. "Sikelinsu ne ya lalace."

"Haka na ce, Malam Dalhatu. Suka fasa kwali suka ɗauko leda goma, ɗaya bayan ɗaya, a gaban idona. Babu wadda ba ta haura ba. Suka ce wannan rarar kaya ne da ba a bayyana ba, kuma takardarka ba ta rufe su ba. Da ƙyar da roƙo suka yarda ba fasa-ƙwauri ba ne, suka bar ni na juyo da su. Amma sun rubuta. Sun ce za a turo mutum daga ofis ya ga yadda kuke awo. In ya ga ba daidai ba, ko aka sake kama irin wannan, an soke takardar."

Dalhatu ya tashi ya ɗauko leda guda daga mota ya ɗora a sikelinsa. Allura ta taɓa ja ta wuce abinta. Ya ɗora ta biyu, haka. Ya juya ya dubi Uwaliya, Uwaliya ta dubi ƙasa. Hajjo ba mai bari a ɗora wa wani kayanta ba ce.

"A daina kallon yarinya," ta ce wa ƙofa. "Ni ce. Gyara na yi."

"Gyara, Inna? A leda?"

"Ragewa na yi?"

"A'a."

"To, tun yaushe ƙari ya zama laifi?"

Ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo. Ya ce a kasuwar Kabo mai saye yana ganin fuskarta, yana ganin hannunta, ya san ko wace ce. A Yamai ba wanda ya san Hajjo. Kayan Gana da na Barkina da na Kwatano duk suna jere a kanta ɗaya, ba wanda ya san wanda ya yi su, rubutun jikin leda kaɗai ake gani. Abin da ƙasashen suka yarda a kai shi ne abin da aka rubuta shi ke ciki, shi ya sa ake barin kaya su wuce ba sai an farke kowane ƙulli ba. In aka ƙyale mai ƙarawa don alheri, gobe mai ɓoye kaya shi ma zai ce gyara ya yi.

Hajjo ta fahimta, ba ta da toshewar kai. Fahimtar ce ma ta sa ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da take awo. Da an ce ta tauye ne, da ta san yadda za ta tuba. Wannan kuwa ba ta san sunansa ba.

Dole a farke leda dubu uku a rage a sake liƙewa a sabuwa. Hajjo ta ce wanda ya zuba shi zai kwashe. Kwana biyar tana zaune tana cire cokali guda daga kowace leda tana zubawa a daro, Dalhatu yana tsaye yana duba allura. Da aka gama, manyan daro biyu sun cika. Ta daɗe tana kallon su. Shekara arba'in tana gyara, cokali-cokali yake tafiya a hannun mutane, ba ta taɓa ganin sa a tare wuri ɗaya ba.

Dalhatu ya ce ai wannan ma leda ɗari uku ne, a auna a liƙe a haɗa da sauran.

"Ba nasa ba ne," Hajjo ta ce wa Uwaliya. "Ba nawa ba ne kuma. Na riga na bayar."

Washegari ta yi shiri ta tafi Garo wurin Malam Zainulabidin, ƙanin marigayi mijinta, wanda ke koyarwa a Islamiyya. Akwai wasa a tsakaninsu tun tana amarya, tsufa bai kashe shi ba. Yana hango ta ya ce yau kuma uwargida ta tuna da mijin da aka bar mata gado, ta ce in gadon irinsa ne ta yafe wa mabuƙata. Suka gaisa, aka kawo ruwa, ta zayyana masa komai.

Malam ya saurara yana shafa gemu. Ya ce awo alkawari ne tsakanin mai sayarwa da mai saye. A kasuwa alkawarin gwangwani ne, a leda kuwa rubutu ne, wanda ya cika abin da ya rubuta ya cika awo, ba komai a kansa. Yajin daro kuma ta sadakar da shi da niyyar waɗanda ta yi wa kyautar, Allah ya san inda niyya ta nufa.

"To in idona ya kuskure fa? Me zai rufe?"

"Sikeli ne idonki yanzu, uwargida. Shi kuma ba ya tsufa kamar naki."

Ta ja masa tsaki ta yi dariya. Amma a hanyar komowa ta ga cewa Malam ya amsa abin da ta tambaya ne kawai. Abin da ke cin ta daban ne, ita kanta ba ta iya jera shi a magana ba: in aka cire cokalin nan, to me ya rage na Hajjo a cikin ledar? Yaji dai kowa na iya dakawa.

Yajin daro bai ba ta wahala ba. Ta ƙulla shi ƙulli-ƙulli ta tafi da shi kasuwar Gwarzo kasuwa uku a jere. Duk wanda ta ji harshensa ya karkata irin na mutanen Nijar, mai dabino ne, mai kanwa ne, ɗan ga-ruwa ne, sai ta yafito shi ta damƙa masa. In ya tambayi na mene ne, ta ce gyaran mutanenku ne ya maƙale a kan iyaka. Wasu suka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta, suka karɓa dai suka yi godiya.

Wahalar tana wurin hannu. An aiko cewa mutumin ofis zai zo nan da mako biyu, sai Hajjo ta sa Uwaliya ta zauna ta riƙa kallon ta tana gwaji. Leda ta farko lafiya, ta biyu lafiya, har ta shida. A ta bakwai Uwaliya ta yi gyaran murya.

"Mene ne?"

"Inna, kin ƙara."

"Ban ƙara ba."

Aka ɗora, allura ta wuce ja. Hajjo ta rantse ba ta san lokacin da ta yi ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ta ɗaura zare a yatsa don ya tuna mata, ya yi kwana ɗaya yana aiki, a na biyu hannun ya saba da zaren. Ta daina yin bisimilla a bayyane ko ita ce ke jan cokalin, sai ta ji kamar ta ci abinci ba ta wanke hannu ba, ta koma. In ta tattara hankalinta duka a kan allura takan kai leda talatin ba kuskure. Amma da zarar an yi sallama a waje, ko jika ya yi kuka, ko wani tunani ya gifta, shi ke nan.

Rannan haushi ya ishe ta, ta juye shi a kan Uwaliya.

"Ke da kika gani tun ranar farko, me ya hana ki magana?"

"Inna, da wane bakin?"

Hajjo ta san da yarinyar ta yi maganar da ta sha faɗa. Ta kuma lura da wani abu a kwanakin nan: in ta tashi salla Uwaliya ta karɓi cokalin, allura tana taɓa ja take ɗauke hannu, ko a fuskarta ba a ganin wani abu ya dame ta. A Kano ta girma, inda ake sayen sukari a kwali. Hajjo ta rasa ko ta yaba mata ko ta tausaya mata.

Ranar Talata da safe mutumin ya iso a kan babur, da 'yar akwati ɗaure a baya. Sunansa Malam Nata'ala, mutum ne mai ƙiba da fara'a, ba irin wanda suka yi zato ba. Ya gaisa da kowa har da matan da ke daka, ya leƙa taga ya taɓa raga, ya buɗe akwatinsa ya fito da duwatsun awo na ƙarfe ya gwada sikelin, ya ce sikeli ba shi da laifi.

"Saura mai awo. Wanda ya saba yi shi zai zauna ya cika leda hamsin ina gani. In sun yi daidai, zan rubuta sunansa a takarda, daga yau shi ke da alhakin awon gidan nan."

Hajjo ta gyara ɗaurin zani ta hau kujera. Uwaliya ta zauna a wurinta. Dalhatu ya kasa zama, ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, hula a hannu.

Ta ɗora, ta zuba, ja, ta sauke, ta miƙa. Ɗaya. Biyu. Ba ta ganin kowa a ɗakin sai allura. Malam Nata'ala yana ɗaukar wadda ya ga dama yana sake ɗorawa, yana gyaɗa kai. Goma. Ashirin. Gumi ya tsattsafo mata a goshi ba ta share ba. Wajen ta talatin da biyu ya ƙura mata ido, can sai ya tafa hannu.

"Inna! Ba ke ce mai yajin kasuwar Kabo ba, kusa da 'yan tsire? Wallahi ke ce. Ina makarantar kwana muke zuwa ranar kasuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mu ce a ba mu na garin kwaki. Ke kuwa ki cika mana takarda har tana zuba. Mu muke ce miki Inna mai hannu."

Daɗi ya kama Hajjo har cikin ƙashi. Rabon da wani ya yi mata maganar hannunta da alheri tun ranar da motar Jalo ta dawo.

"Ashe kuna cikin 'yan banzan yaran nan masu farin wando," ta ce tana dariya. "Kullum da yunwa kamar ba a dafa muku komai."

"Ai ba a dafawa, Inna."

Uwaliya ta yi gyaran murya.

Hajjo ta dubi hannunta. Ledar tana hagu, an riga an sauke ta daga sikeli. Cokali yana dama, cike, yana tsaye daidai bakin ledar, ya ɗan karkata. Ko ƙwaya ba ta faɗa ba tukuna. A hankali ta janye cokalin ta mayar da yajin cikin daro. Malam Nata'ala ya karɓi ledar ya ɗora, allura ta tsaya a kan ja.

"Daidai," ya ce. "Mu ci gaba, saura kaɗan."

Za ta iya ƙarasawa, ta sani. Leda goma sha takwas ba komai ba ce, in ta toshe kunne za ta kai. Zai rubuta sunanta, ya hau babur ɗinsa ya tafi, kujera ta zama tata da hatimin hukuma. Sannan wata rana, ba da daɗewa ba, wani zai yi sallama a waje tana tsakiyar awo.

Ta kifa cokalin a kan daro.

"Malam, kada ka rubuta sunana."

"Haba Inna, ai ba ki zuba ba."

"Yau ban zuba ba don yarinyar nan ta yi tari, kai kuma kana zaune. Gobe ba ka nan. Hannun nan ya girme ka, ba ya jin maganata balle taka." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Uwaliya, taso ki zauna. Ita za ka rubuta."

Uwaliya ta ƙi tashi. Sai da Hajjo ta daka mata tsawa sannan ta taso, ta raɓa ta zauna a gefen kujerar kamar mai tsoron ta karye. Malam Nata'ala ya dubi tsohuwar, fara'ar nan ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce to a faro daga ɗaya.

Hajjo ta koma kan tabarma a jikin bango. Ta yi zaton in ta tashi abin zai yi sauƙi, ashe kallon ya fi yin wuya. Duk ledar da Uwaliya ta sauke daga sikeli, sai hannunta na dama ya zabura a kan cinyarta, shi kaɗai, yana neman cokali. Ledar kuwa ta wuce a liƙe ta, daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, ta tafi wurin wata mata da ba za ta taɓa sanin an so a ba ta fiye da haka ba. Baƙin ciki ya kama Hajjo, na gaske, irin na rabuwa da wanda aka daɗe tare. Da hannun ya zabura karo na biyar sai ta ɗaga cinya ta tura shi ƙarƙashi ta zauna a kansa.

Hamsin suka cika, babu wadda ta kauce. Malam Nata'ala ya rubuta, ya sa hannu, ya huhhura hatimi ya danna. Ya ce takarda tana nan daram, Jalo yana iya ɗaukar kaya ko gobe.

"Inna," in ji Dalhatu daga bakin ƙofa.

Hajjo ba ta dube shi ba. Ta dubi Uwaliya, idanun tsohuwar sun kaɗa sun yi ja, kowa a ɗakin ya yarda barkono ne.

"Ki gaya wa wancan ya shigo ya zauna," ta ce. "Ya tsaya wa mutane a bakin ƙofa kamar mai jiran mota. Ba inda za shi."